Shekarar da Matattu Suka Taka Mana Gero

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya zuba sau biyu, kowa ya ɗauki sungumi ya yi shuka, sannan ya ɗauke ƙafa ya bar mu da kallon gabas. Na shiga Kaura neman ƙarin iri, ina kusa da tsohuwar tashar jirgi, sai ga wasu samari sun shafe fuska da farar hoda, sun yayyaga riguna masu kyau da hannunsu, suna tafe suna jan ƙafa, wani yana bin su da waya. Mai keke napep ɗin da ya ɗauko ni ya ce gasa suke yi, kwana biyu aka ba su su haɗa fim ɗin matattu masu tafiya. Ya ga na tofar da yawu, ya ɗauka kishin addini ne ya motsa mini. Ba shi ba ne. Na san wannan tafiyar tun ba a haifi yaran nan ba, kuma na san abin da take yi wa gona.

A wancan lokacin shekara biyu ko uku ke nan da shigowar shari'a, muna ƙauyenmu kusa da Badarawa. Ni ne babba a gida, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, Magaji yake ce mini. Lokacin idanunsa sun yi hazo, gwiwa kuma ta riƙe shi, sai dai ya zauna a zaure yana tufka igiya da lalube. Ni da matata da 'yarmu mai shan nono, da Inna, duk tukunya ɗaya. Sai ƙanena Murtala, wanda yake karatu a babbar makaranta a Kaura. Shi ne idon Baba. Ni na yi noma tun ina ɗan shekara bakwai, ban taɓa jin Baba ya ba wani labarina ba, amma duk baƙon da ya zauna a zauren nan sai ya ji cewa akwai ɗan gidan da ke karatu a Kaura.

Kakar da ta wuce ba ta yi auki ba, don haka tun bazara rumbu ya fara amsa kuwwa. Zafin shekarar nan ban manta da shi ba. Da hantsi ƙasa ta riga ta gasu, jaki ma ba ya son taka ta. Randa tana ba da ruwa mai ɗumi, kaji su buɗe baki su kwanta gindin danga. Da aka samu ruwan farko muka fita gaba ɗaya, ni ina sara, matata da yaran maƙwabta suna zuba iri suna rufewa da diddige. Gero ya fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta wajen Zurmi, ya yi baƙi, iska ta taso da ƙanshin ruwan wasu, sannan ya watse. An fita roƙon ruwa har sau biyu, tsofaffi sun juya riguna. Ina kallo shukata ta nannaɗe, ta yi fari, ta zama abin da za ka murtsuke da yatsa biyu.

Cikin gida kuwa, Inna ta mai da ciyar da mu wani irin lissafi da ita kaɗai ta san kansa. Da safe kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana babu komai, sai wanda ya samu ƙanzo. Da yamma tuwo ɗan mitsitsi a tsakiyar kwano, a kewaye shi da tafasa ko yaɗiya, a ce ganyen ne mahaɗi, alhali kowa ya san tuwon ne mahaɗin. Dusar da a da ake ba akuya sai da ta koma tukunya. Yunwa irin wannan ba ta zuwa da ihu. Sai dai ka miƙe daga tsugune ka ga duniya ta yi duhu, ka dafa bango har ta dawo.

Akwai zangarkun gero da Baba ya zaɓa tun a kaka, manya masu cikar ido, ya ɗaure ya rataye a ɗakinsa. Sau uku Inna tana roƙonsa ya bari a daka ko rabi ne, don mai shayarwa. Ya ce iri ne, ba abinci ba. Ranar da ruwa ya dawo, wani ruwa mai ƙarfi da ya kwana yana zuba har ya rushe mana katangar bayi, da kansa ya sauko da su ya miƙa mini.

Ya ce, "Magaji, ga shi. Bayan wanga babu wani. Ka kai shi gonar tudu, ita ta hi riƙe sanyi."

Na kai shi. Na shuka shi da hannuna, ina ƙirga ƙwaya a yatsa kamar mai raba magani. Ruwa ya ƙara zubowa. Kwana goma gero ya kai tsawon tafin hannu, kore shar, layi-layi. Duk gidanmu a kan layukan nan ya rataya, kuma babu wanda bai san haka ba, har Murtala.

A lokacin noman farko da gayya muke yi. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, don babu mai ƙarfin da zai nome gonarsa shi kaɗai da ciki wofi. Ranar wata Alhamis muna gonar Kawu Ummaru, tamu saura kwana biyu a zo kanta. Da muka dawo daga sallar azahar sai na ga hauyoyi a yashe, samari sun ragu fiye da rabi. Na tambaya.

Kawu ya ce, "Kai ka tambayata? Gonarku sunka tahi. An ce ƙanenka ya zo da baƙi daga Kaura, ana raba burodi."

Ban san lokacin da na ajiye hauya ba.

Abin da na tarar, in ba don na gani da idona ba, da na ce ƙarya ne. An haƙa ramuka a tsakiyar gonar, sun kai goma sha biyu, kowanne tsawon mutum. Samarin ƙauyenmu, 'ya'yan manoma, waɗanda na sani da hankalinsu, an shafe su da toka da farar ƙasa, an zuba musu jiƙaƙƙen zoɓo a baki da ƙirji. Wasu suna kwance cikin ramuka an yayyafa musu ƙasa. Sauran sun jeru, sun miƙa hannu gaba, sun karkace wuya, suna tafiya. Kuma ba tafiyar mutane ba, wadda ake ɗaga ƙafa a ajiye. Jan ta ake yi. Kowane taki sai ya kankare ƙasa, ya tafi da duk abin da ke kanta. Su kai ƙarshen gona, a ce bai yi ba, su dawo su sake.

Mai ba da umurnin wani siririn yaro ne, sunansa Nura, amma ya hana a kira shi da shi, sai dai Darakta. Cikin wannan zafi yana sanye da wata 'yar shara mai aljihu ya fi goma, babu komai a cikinsu sai biro ɗaya. Ya juya hula baya, ya toshe ido da baƙin tabarau, ga agogo a hannu yana dubawa kamar mai jiran haihuwa. Kusa da shi akwai mai kyamara, wanda sana'arsa ɗaukar bikin suna, an ɗora shi a bayan babur ana zagaya gonar da shi don hoto ya yi gudu.

Na daka musu tsawa. Matattun suka tsaya cak, wasu suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suke takawa.

Darakta ya juyo ya ce, "Kat! Wane ne wannan? Malam, ka shigo mana cikin shot, ka ɓata hoto."

Na ce, "Kai ka cikin gonata. Mi kuka yi haka?"

"Fim ne, Malam. Zombi. Ka san zombi?"

"Ban san shi ba. Ɗan wane gari na?"

Ya yi wata 'yar dariya ya dubi mai kyamara, irin dubin da ɗan birni ke yi idan ya gamu da abin ba da labari. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da kurma. Wai gawa ce da ke tashi tana cin mutane. Wai jiya aka ba su takarda a Gusau, su da wasu ƙungiyoyin samari, kowa ya haɗa fim na minti biyar a kan haka, a mai da kaset kafin awa arba'in da takwas. A Kaura ba dama, an rufe gidajen kallo, masu sa ido suna ko'ina, wanda duk aka gani ya yi shigar gawa a titi zai yi bayani. Maƙabarta kuwa ko kusa. Shi ne Murtala ya ce musu akwai fili a garinsu, ƙasa mai taushi, ba kowa.

Na nuna masa ƙasa na ce, "Wanga hili na? Ba ka ga abin da ke bisa ba?"

Ya ɗaga tabarau ya duba, tsakani da Allah ya duba, ya ce, "Ai 'yar ciyawa ce. Za ta sake fitowa."

Shi ban ma ji haushinsa sosai ba a lokacin. Mutumin da yake cin tuwo shekara ashirin bai san kamannin uwar tuwon ba, me za ka ce masa? Murtala na nema. Na same shi cikin rami na uku, an rufe shi da ƙasa har wuya, fuska fari fat. Na kama shi na fizgo shi waje.

"Kai ma ciyawa ka gani?"

Ya ƙi duban idona. Ya ce, "Yaya, gobe da hantsi mun ƙare. Ɗan wuri ɗai za mu taɓa. In munka ci gasag ga, har Kano za a kai mu."

"Mu kuma mu ci mi? Kano?"

Sai ya faɗi maganar da ya san za ta ɗaure ni. Ya ce, "Baba ya ba da izini."

Na koma gida a guje. Baba yana zaure, fuskarsa cike da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ashe Murtala ya durƙusa ya ce masa aikin makaranta ne, za a ɗauki hoton gona a nuna wa manya. Shi kuma ya ce su je, gona tasu ce. Na gaya masa abin da na gani, ban rage komai ba. Fara'ar ta tafi, ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa.

Ya ce, "Yaro ba shi yi ma gonar ubanai haka. Hushi ka sa ka ƙara gishiri."

"Baba, ka aika a tsai da su."

"Na ba baƙi baki gaban mutane. In tashi in lashe amaina? Ka hwaɗa ma innarku ta yi musu tuwo."

Aka yi musu tuwo. Inna ta zazzage abin da ta yi niyyar ja da shi har kwana uku, ta tuƙa, ta kaɗa kuka, aka kai zaure kafin magariba. Darakta ya ɗan taɓa gefe, ya tambaya ko ana sayar da taliya a garin. Da aka dawo da kwanon, an jagwalgwala tuwon an bar fiye da rabi, an kuma wanke hannu a ciki. Inna ta tsiyaye ruwan, ta shanya sauran a faifai.

Da asuba aka yi yayyafi. Bayan an fito masallaci Liman ya tare baƙin, don labari ya kai masa cewa ana tayar da matattu a gonar tudu. Ya ce mamaci ba ya tashi sai an busa ƙaho, wannan wane irin wasa ne? A nan na ga abin da aka ajiye Darakta dominsa. Nan take ya gyara hula ta dubi gaba, ya cire tabarau, ya ce ai faɗakarwa ce, Allah gafarta Malam. Wai matattun 'yan kasuwa ne masu ɓoye hatsi lokacin yunwa, ƙasa ta ƙi karɓar su. Jiya da na tambaye shi babu wannan zance, a daren ya ƙirƙiro shi ko a tsaye, oho. Liman ya ce to, kada a sa likkafani, kada a kusanci maƙabarta, kada mace ta shiga, kuma a tashi kafin sallar Juma'a. Duk aka amsa. Hukuncin gero dai babu wanda ya tambaya.

Ni kuma na ɗaura wa jaki akumari, na je na ce wa Baba tunda ƙarin gishiri nake yi, ya zo ya ɗanɗana da kansa. Na ɗora shi muka tafi. Yayyafin ya sa ƙasa ta yi laushi, rana kuma ta fito da wani zafi mai ɗanko, irin wanda ke sa riga ta manne a baya. Tun daga nesa muna jin gurnanin matattu. An ƙara musu yawa, don labarin burodi ya kai ƙauyen gaba.

Na sauke shi a bakin gona. Bai ga komai sosai ba sai fararen inuwoyi suna kai da kawowa. Ya tsuguna da ƙyar, ya shafa ƙasa. Hannunsa ya faɗa kan shuka ɗaya da aka tumɓuke, saiwarta a waje. Ya shafa gaba, ya samu wata. Ya ɗaga ta kusa da ido, ya shinshina.

Na ce, "To, Baba? In kore su?"

Ya ce, "Mi ya rage musu?"

"Sun ce hantsi."

"A bar su su ƙare. Na riga na ce."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina bautar gonar nan, ga abin da zai ci da mu ana shurewa, amma maganar da aka yi wa ɗan makaranta ta fi. Na ce masa, kuma da ƙarfi na faɗa, "Gonarka ta, bakinka na, ɗanka na. Ni na hita." Na juya na tafi gindin wata aduwa da ke gefen gonar, na harɗe hannu na jingina.

Ina tsaye a wurin na ga Baba ya ajiye sandarsa. Ya durƙusa a kan gwiwar da ko sallah a zaune yake yi saboda ita. Ya lalubo shukar da aka tumɓuke, ya huda ƙasa da yatsa, ya mai da ita, ya danna gindinta. Ya ja jiki gaba, ya lalubo wata. Haka ya shiga bin sawun matattun da rarrafe, suna tumɓukewa yana dasawa. Rigarsa ta yi jar ƙasa, hularsa ta faɗi bai sani ba, ƙashin kafaɗarsa ya fito ta wuyan riga. Can ya fara haki, bakinsa a buɗe, yana miƙa hannu gaba yana lalube.

Samari biyu daga cikin matattun suka gan shi, suka goge fuska da riga, suka bar gonar ba tare da sun karɓi burodinsu ba. Sauran suka ci gaba. Murtala yana cikin raminsa, an ce kada ya motsa sai an kira shi, kuma bai motsa ba. Na ga Darakta ya taɓa kafaɗar mai kyamara, ya raɗa masa wani abu, suka juya suka daɗe suna duban wajen Baba. Na gani sarai. Na ce a raina su ƙarata, ba ruwana. Ina jira ne Baba ya ɗago ya ce, Magaji, zo, kai ke da gaskiya. Bai ɗago ba, ni kuma ban je ba.

Layi ɗaya da rabi ya yi. Sai Darakta ya dubi agogo ya yi ihu cewa lokaci ya tafi, saura haɗawa a Kaura. Cikin ɗan lokaci suka tattara, suka hau babura, Murtala a bayan ɗaya da farar ƙasa har cikin kunne. Ko ramukan ba su rufe ba. Da na je ɗaga Baba, ƙafafunsa sun ƙi miƙewa, sai ɗaukarsa na yi cak na aza a jaki. Na ji nauyinsa bai fi na damin kara ba.

Gayya ta zo ranarta, amma abin nomewa a tsakiyar gonar babu. Ta zama kamar kan mai sanƙo, gefe da gefe kore, tsakiya fayau. Maƙwabta sun yi mana kara, duk wanda ya zo rage shukarsa sai ya aiko mana da abin da ya cire, muka yi ta dashe ni da matata har bayanmu ya ƙage. Amma dashe yana baya da sati biyu, ruwan shekarar kuma bai jira kowa ba. Ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Na gefe ya nuna, na tsakiya ya tsaya da kai babu ƙwaya. Abin da muka ɗaure bai kai rabin abin da gonar ta saba bayarwa ba. Awakin Inna suka tafi kasuwar Shinkafi ɗaya bayan ɗaya. Aka yaye 'yata kafin lokacinta, don nonon ya ƙafe. Baba kuwa ya koyi wata dabara, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi, a kai wa yarinya.

Yanzu gonar tudun ba kullum ake iya zuwa ba, sai an saurari labarin hanya tukuna. A wancan lokacin babu abin da ke hana mutum gonarsa, ko kwana kake so ka yi a can. Mu da muka yi asarar shekara guda, ba wanda ya zo mana da bindiga. Da burodi aka zo.

Murtala bai sake leƙo gida ba sai bayan an gama girbi. Ya zo da kaset da wata takarda mai zanen zinariya a gefe. Wai sun zo na uku. Kano dai ba a kai su ba, Darakta ne kaɗai ya je, da kuɗin motar babarsa. Na ce ya ɗauke tarkacensa ya ba ni wuri, amma Baba ya ce a'a, tunda an yi aikin makaranta a gonarsa, yana so ya gani.

Aka aro talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta wajen wani da aka rufe wa gidan kallo. Bayan azahar aka kafa a zaurenmu, aka rataya tabarma a ƙofa don haske da kuma idon mutane. Duk da haka zauren ya cika, har da matattun da kansu, kowa yana son ya ga fuskarsa. Aka zaunar da Baba dab da gilashin, hancinsa ya kusa taɓawa.

Abin da aka ɓata mana shekara dominsa, ga shi. Hoto yana rawa kamar an ɗaura kyamarar a wutsiyar jaki. Wani ya buɗe shago ya ɓoye buhu, buhun ma kowa ya ga ƙaiƙayi ne a ciki. Sai ya dafe ƙirji ya faɗi. Sai ga ramuka, mutane suna fitowa suna tari, ɗaya yana kakkaɓe wando, ɗaya yana dariya. A can baya ana ganin wata akuya tana kiwo abinta. Zauren ya kaure da shewa, ana ga wane, ga wane. Murtala ya fito daga raminsa na ɗan ƙiftawar ido, ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Daga nan sai sauti ya canja, aka sa wani kuka mai kama da iska a bakin tulu. Aka rage gudun hoton. Wani tsoho ya fito shi kaɗai, yana rarrafe, ba hula, baki buɗe, ƙasusuwa a waje, yana miƙa hannu yana tona ƙasa da yatsu. Babu toka a jikinsa, babu zoɓo. An bar shi a gilashin ya fi kowa daɗewa, da shi aka rufe fim ɗin. Daga baya na ji cewa saboda shi aka ba su na ukun, wai alƙalan sun ce wannan mataccen ya fi sauran iya wasa.

Shewar ta mutu. Waɗanda ke bakin ƙofa suka fara zamewa. A gefen hoton, can baya gindin aduwa, akwai wani ƙato a tsaye ya harɗe hannu. Ba a ɗauko fuskarsa sosai ba, amma rigar tawa ce.

Baba bai taɓa ganin kansa a hoto mai motsi ba. Ya ƙara matsawa, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Waɗancan dut wasa su kai. Wanga kam yunwa ta."

Janareta kaɗai ke ƙara a waje.

Ya ce, "Tsohon wane gida na? Ba shi da ɗiya, anka bar shi shina rarrahe cikin rana?"

Murtala ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Baba ya juyo wajen da ya san ina zaune, idanun nan masu hazo a kaina, yana jiran amsa. Har ya koma ga Allah ban san ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane.

"Magaji, kai nika tambaya."

Na ce, "Shina da su, Baba. Biyu."